Wayar Talabijin a Gidajen Kulle

Shekarar da na fita takaba ita ce shekarar da yayana ya ajiye aikinsa a Kaduna ya dawo gida da dogayen bututun ƙarfe a bayan babbar mota. Ni a lokacin ina zaune a gidanmu na Ƙofar Sauri, ni da ɗiyata da ba a daɗe da yaye ta ba, ina ɗan taɓa ɗinki da keken Inna. Mijina haɗari ya yi a hanyar Kano, a zamanin da motoci suka fi ƙarfin hanyoyin. Ban kai shekara talatin ba, amma ji nake kamar tawa ta ƙare.

Zamanin kuɗin mai ne. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka haɗa musu da na baya a dunƙule, gari ya ruɗe. Mai keke ya koma babur, mai rediyo ya sayo talabijin. Sai dai talabijin a Katsina a wancan lokacin ado ce kawai. Tashar tana can nesa, idan ka kunna ba abin da za ka gani sai tsaki-tsaki kamar an watsa gero a faifai, da wata ƙara kamar ana suya. A gidaje da yawa ɗora ta ake yi a kan kabad, a lulluɓe da ƙyalle, a aza furen roba a kai.

Yaya ya daɗe yana aikin wayoyin tarho, kuma ya taɓa ganin wata dabara a wani rukunin gidajen Turawa. A kafa eriya guda ɗaya mai tsawon gaske ta kamo hoton daga nesa, a ƙara masa ƙarfi da wata 'yar na'ura da ake ce wa busta, sa'an nan a ja waya daga nan zuwa gidajen mutane, kowa ya riƙa ba da wani abu a ƙarshen wata. A kangon bayan gidanmu, inda muke ɗaure awaki, aka kafa ta. Maƙera suka haɗa bututun, aka ɗaɗɗaure da igiyoyin ƙarfe ta kowace kusurwa. Dattawan unguwa suka aiko wa Inna cewa ɗanta zai jawo musu tsawa. Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya har zaurukansu, ya nuna musu wayar da ya binne a ƙasa domin wannan, wasu suka gamsu, wasu suka bar wa Allah.

Ranar da hoto ya fito, bayan La'asar ne. Wani mutum ya bayyana yana karanta labarai, tas, har ana iya ganin ƙyaftawar idonsa. Inna ta daɗe tana kallonsa, can ta ce hular kansa ba ɗinkin Katsina ba ce, ta tashi ta koma kan tsintar shinkafarta.

Da farko kasuwa ta buɗe. Ma'aikatan da ke sababbin gidaje, masu falo a gaba, su ne suka fara zuwa, kuma aikinsu ba wuya. Da aka shigo cikin gari sai abu ya cije. A tsofaffin gidajenmu talabijin ba ta zama a zaure. Tana can ciki, a ɗakin uwargida ko a turakar maigida, inda namiji baligi ba ya taka ƙafa. Wasu magidantan sukan tara iyalinsu a ɗaki guda su shigar da Yaya ya yi aikinsa a gurguje. Amma waya ba a gama da ita rana ɗaya. Yau akuya ta ja, gobe yaro ya tsinke, jibi ruwa ya shiga. Wani dattijo ya faɗa masa gaskiya, ya ce sau ɗaya dai ya yarda, amma ba zai mayar da gidansa hanya ba.

Wata rana Yaya ya dawo ya zauna a tabarmar Inna, aka ajiye masa fura bai ko buɗe ba. Yana ta lissafa gidajen da suka so amma abin ya gagara. Ni ina gefe ina feƙe masa bakin wayoyi da reza, aikin da nakan taya shi don hannuna ya saba da warware ɗinki. Inna ta bar shi ya gama, sa'an nan ta nuna ni da haɓa.

"Kai ɗan nan, mi kake nema? Ga wadda ba gidan da za a hana ta shiga."

Yaya ya yi dariya, ni ma na yi. Inna ba ta yi ba. Ta ce tun da na fita takaba ban leƙa ko ƙofar gida ba in ba dole, kuma ita ta gaji da ganina ina kallon bango. Na ce mata mutane za su yi magana. Ta ce ai yanzu ma suna yi, gara su samu sabuwa.

Haka na fara koyo. Wayar tana da cibiya ta jan ƙarfe a tsakiya, da farar roba a kewaye, sai wata saƙa ta siraran wayoyi kamar gashi. Yaya ya ce duk sirrin aikin shi ne kada ko sili ɗaya na saƙar ya taɓa cibiyar. Ya koya mini yadda ake ɗaura ta a bayan akwatin talabijin, da yadda ake murɗa maɓalli a hankali har hoto ya tsaya. Muka tsara yadda za mu yi: shi ya kawo waya ta falwaya har kan katanga, ya jefo nannaɗen ciki, ni kuma in karɓa daga tsakar gida.

Gidan farko da na shiga, filaya da reza da guduma suna cikin 'yar jaka a ƙarƙashin mayafina. Kafin in taɓa komai sai da aka yi mini ta'aziyya, aka tambayi Inna, aka tambayi ɗiyata, aka kawo ruwa. Da na tashi na fito da guduma sai kowa a tsakar gidan ya zuba mini ido. Ƙusar farko ta zame ta faɗo da ɓarɓashin ƙasa a kan tukwane. A ranar na gane cewa gajeriyar ƙusa ba ta kama ginin ƙasa. Daga baya na riƙa amfani da doguwa, ina yanko 'yar fata in naɗe wayar kafin in kafe. Da hoton ya fito, wata tsohuwa ta kama hannuna ta juya shi gaba da baya, ta ce Allah ya yi masa albarka. Na dawo gida na ci tuwo har da neman ƙari, Inna tana kallona ta wutsiyar ido.

Cikin 'yan shekaru waya ta kai unguwar Kambarawa, ta shiga lungunan Gobarau. Yaya ya kama shago, ya ɗauki ma'aikata, ya sayi a-kori-kura. Yanzu idan na ga manyan kamfanonin nan masu faranti a kan kowane rufi, nakan tuna cewa mu ma a ma'aunin garinmu babban kamfani ne. Kuma mun sha wahalarsa. A ɗauke wuta a unguwarmu, duk gari ya rasa hoto, ko da su suna da wuta, a zo ana yi mana faɗa. Iskar farkon damina ta juya eriya, sai wani ya hau ya daidaita. Motar da ta yi lodin buhuna fiye da kima ta bi ta lungu ta tafi da wayar rabin unguwa. Akwai wani Bafulatani da ya zauna a bayan gari, ya sayar da bijimai ya sayo talabijin mai aiki da batirin mota, ya yi ta sintiri a shago a kai masa waya har ruga. Yaya ya yi ta ba shi haƙuri, a ƙarshe dai ya kafa masa tasa 'yar eriyar a kan bishiya, kuma har mutumin ya rasu bai daina aiko mana da nono ba.

Babbar matsalar da ta kusa karya mu daga Ikko ta zo. Waya idan ta yi nisa, ko gidaje suka yi mata yawa, hoto yana raunana, sai an sa wata bustar a hanya. Yaya ya yi odar sababbi daga waje, sai jiragen ruwa suka cunkushe a tashar, kaya suka maƙale wata da watanni. Ya je har can ya dawo ba labari. Dole ya daina karɓar sababbin gidaje. Mutum ya zo da murnarsa ya sayi talabijin, a ce masa sai kaya sun iso.

Ana cikin haka sai hoton layin Gobarau ya fara lalacewa. Da farko dishi-dishi, daga baya mutane suka koma kamar inuwa. Wanda ya fi kowa fushi wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwa, wanda gidansa yake ƙarshen layin. Ya aiko cewa in ba a gyara ba zai ɗauko masu aiki daga Kano su kafa masa tasa eriyar, ya kuma ja wa maƙwabtansa. Yaya da yaransa suka bi layin da tsani, falwaya bayan falwaya, suka sake duk wani haɗi da suka yi zargi. Ba abin da ya canza. Har ramewa ya yi.

Ni kuma sai aka yi haihuwa a wani babban gida a Gobarau, gidan wata Hajiya da nake ja wa waya tun farkon fara aikina. Na je barka da hantsi, ba da kayan aiki ba. Ɗakin ya cika, aka matsa mini wuri a gefen kabad. Ina zaune sai idona ya faɗa bayan talabijin, na ga haɗin da ba nawa ba. Ni da baƙin salatif nake naɗe nawa. Wannan da zaren ɗinkin hula aka naɗe shi, layi a kan layi, tsaf. Daga jikinsa wata waya ta fita ta taga.

Na bari aka ɗan rage, na fita kamar zan kewaya. Wayar ta bi bayan randuna, ta shige ƙarƙashin wata tsohuwar tabarma da aka rataya, ta haura katanga. Gidajen wannan lungun duk dangi ne, akwai 'yan ƙofofi a tsakaninsu da mata ke bi ba sai sun fita waje ba. Na bi ta nan. A gida na gaba na tarar da ita ta shiga ɗaki, ta sake fitowa ta haura wata katangar. Haka na yi ta bi, gida bayan gida, ina gaisawa da mutane, suna amsawa suna sunkuyar da kai. Duk wannan yana cikin gidaje, inda tsanin Yaya ba zai taɓa kaiwa ba.

A gidan ƙarshe na same ta zaune a inuwar ɗaki tana ɗinkin hula. Na san ta. Mace ce da ta girme ni da kaɗan, marar yawan magana, wadda duk lokacin da na zo aiki gidan Hajiya takan jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ni a zatona hira take so. Muka gaisa har ƙarshe, ta tambayi Inna, na tambayi maigidanta da yara. Sa'an nan na ce mata wa ya yi wannan aikin.

"Ni ce," in ji ta. Ba ta ko ajiye allurar ba.

Na ce wa ya koya mata.

"Ke. Kallonki nike yi."

Ta ce maigidanta ya je shago ya fi a ƙirga ana ce masa sai kaya sun iso. Yaranta kullum suna gidan mutane har ana korarsu. Sai ta tattara guntayen wayar da nake bari, ta aika aka sayo mata ƙarin wata a kasuwa, ta gwada, hoto ya fito. Da maƙwabta suka gani suka roƙe ta, ita kuma ba ta iya cewa a'a ba. Ta ce ba ta karɓi ko goro a hannun kowa ba, kuma ba ta san abin yana rage wa na gaba ba. Da na faɗa mata halin da Yaya yake ciki, da maganar Alhaji, sai ta ajiye hular. Ta ce in ga dama in kwance duka yanzu, ita za ta riƙe mini kujera in taka.

A hanyar gida raina a ɓace yake, amma wani abu yana ta yi mini daɗi a ƙasan zuciya, na rasa yadda zan raba su. Kafin in fito na sa ta yanko mini haɗi guda, na ƙulle a bakin mayafi.

Yaya ya ji labari bayan Azahar, ya miƙe tsaye. Ya ce zai yanke layin lungun gaba ɗaya, zai kai ƙara wurin mai unguwa, a kira mazajensu. Na bar shi ya faɗi duk abin da ke cikinsa, sa'an nan na kwance bakin mayafi na miƙa masa. Ya karɓa ya jujjuya shi. Ya ɗauko reza ya warware zaren a hankali, ya duba ciki. Ya ce wayar da ta sayo ta lantarki ce, ba ta wannan aikin ba, ita ce ke zubar da hoton. Sai ya ƙara da cewa amma ko sili ɗaya bai taɓa cibiyar ba.

Na ce masa ni kaɗai ce a cikin gidajen garin nan, kuma na fara gazawa. Wani gidan sai ya kwana biyu yana jirana. In ya kai ƙara, ya ci mutuncin mutanen da gobe su ne masu sayen wayarsa. In ya ɗauke ta aiki, ya samu hannu. Ya ce wato wadda ta yi masa ɓarna ita zai saka wa da aiki. Inna ta ce ai ba lada aka ce ya ba ta ba, aiki aka ce, kuma aiki wahala ne.

Ya ajiye haɗin ya fita. Washegari da safe ya kwance bustar da ke ba gidanmu da shago hoto, ya ɗora a mota ya kai Gobarau. Ni kuma na koma wurin Hajiya, ta tara matan lungun a ɗakinta. Aka yi magana ta fahimta. Za a kwance duk wayoyin da aka ja, a bar gida ɗaya a tsakiya a sa masa waya ta gaskiya, kowa ya riƙa zuwa can kallo. In kaya suka iso, su ne farko. Ni da mai ɗinkin hula muka kwance su tare, ita tana cirewa ina naɗewa. Maigidanta ya zo shago da kansa ya ba Yaya haƙuri, aka kuma nemi izininsa a ɗauke ta aiki, ya ce in dai cikin gidaje ne kuma tare da ni, ya yarda.

Hoto ya dawo, amma Alhaji ya riga ya yi magana da mutanen Kano. Ya kafa tasa, ya ja wa gidajen da ke kewaye da shi, kuma wannan ɓangaren bai sake dawowa hannunmu ba. Mu kuma a gida muka yi watanni ba kallo. Ɗiyata takan bi ni wurin aiki don ta samu ta gani a gidan mutane.

Da kaya suka iso, aiki ya yi mana yawa har muka ƙara mata biyu, wata daga Kambarawa, wata 'yar ƙanwar Hajiya. Mai ɗinkin hula ta fi ni haƙuri wajen koyarwa. Ni nakan karɓe waya in yi da kaina in na ga ana ɓata lokaci. Ita sai ta naɗe hannu ta bar mutum ya lalata, ya sake, har ya iya. Shekarun nan su ne mafi daɗi a aikin. Mun shiga gidajen da ban taɓa zaton zan taka ba, mun ci abincin suna da na biki ba iyaka, kuma a nan ne wata ta yi mini hanyar auren da na yi na biyu, da wani malamin makaranta wanda tun kafin a ɗaura na faɗa masa ba zan ajiye filaya ba.

Abin da ya kawo ƙarshen wayar ba abokin hamayya ba ne. An kafa tasha kusa, hoto ya yi ƙarfi har ya zamana 'yar eriya a kan gora ta ishi kowa. Kuɗin man ma ya fara ja da baya, mutane suna neman abin da za su rage. Gida bayan gida aka riƙa aikowa a zo a cire. Yaya ya sallami yawancin yaransa, yakan wuni a shago yana kallon titi.

Mu dai ba a daina kiranmu ba. Tun muna jan waya, in mun shiga gida sai a ce don Allah duba mini dutsen gugan nan, ko rediyon nan ta daina magana. Mukan ce ba aikinmu ba ne. Ranar nan mai ɗinkin hula ta ce mini, gidajen nan cike suke da kayan wuta da aka saya lokacin da ake da shi, yanzu duk sun fara mutuwa, ba kuma kuɗin sabo. Muka je muka sami Yaya. Ya dube mu, ya tashi ya share teburin shago, ya sauko da wata matacciyar fanka daga kan kanta, ya ce mu matso. Ya fara da nuna mana inda in mutum ya taɓa zai sha wuta.

Kiran farko da muka je a kan sabon aikin a Kambarawa ne, cikin zafin bazara, gidan wata mai jego da fankarta ta tsaya. Muka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki muka buɗe ta, muna gumi, muna gardama a kan wace waya ce ta ƙone. Tawa ce ta zama daidai, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Da muka mayar muka kunna, ta yi ƙugi ta ɗauka, labulen ɗakin ya tashi. Uwar mai jegon ta rako mu har shigifa, ta riƙe mini jaka ina gyara mayafi. Ta ce tana da ɗiya da ta gama firamare tana zaune, ko za mu yarda ta riƙa bin mu. Na dubi abokiyar aikina, ta ce a turo ta ranar Asabar da safe, ta zo da rezarta.